Rasuwa da Ƙaruwa: Yadda Ƙirar Kalma Ke Tona Zuciyar Bahaushe

Idan aka yi mutuwa a Madachi ta ƙasar Rano, wanda aka ɗora wa sanar da dangin da ke Saji ko Rurum ko Kibiya, da ƙafa ya je ko waya ya buga, ba zai buɗe baki ya ce wane ya mutu ba. Cewa zai yi Allah ya yi wa wane rasuwa. A ƙofar gida, inda aka shimfiɗa tabarmi, duk wanda ya zo zai tsuguna a ɗaga hannu a yi addu'a, sannan ya juya ga masu gida ya ce, "Ashe an yi rashi. Ya haƙuri?" Kwana kaɗan bayan haka wata za ta sauka lafiya a wani gida cikin unguwar, labari ya zaga cewa an sami ƙaruwa a gidan wane.

Rasuwa da ƙaruwa ƙirarsu ɗaya. Daga rasa aka sami rasu, daga ƙara aka sami ƙaru, aka liƙa wa kowacce -wa ta zama suna. Dukansu kuma daga ɓangaren gida ake auna su. Jariri ya zo, gida ya ƙaru. Dattijo ya tafi, gida ya rasa shi. A cikin "ya rasu" mamaci bai yi asarar komai ba, ya koma ga Mahaliccinsa. Waɗanda ya bari su ne masu rashi, shi ya sa su ake zuwa yi wa gaisuwa.

To, a kunna rediyo da yamma. Za a ji mai karanta labarai yana cewa mutum kaza "sun rasa rayukansu" a haɗarin mota. Daga Turanci aka kwaso jimlar ɗungurungum, kuma ta kifar da al'amarin: mamaci ya zama shi ne mai asara, rai ya zama wani abin hannunsa da ya suɓuce masa, uwa da mata da 'ya'ya kuwa sun fita daga cikin maganar. Babu baƙuwar kalma ko ɗaya a jimlar nan. Tunanin da ke cikinta ne baƙo.

A nan nake son in tsaya. Mun daɗe muna kukan kalmomin aro, muna ganin su ne za su kashe Hausa. Ni a ganina mun sa gadi a ƙofar da ɓarawo ba ta nan yake shigowa ba. Inda harshe ke adana halin masu shi, da yadda suke jin daɗi da zafi, shi ne a yadda yake sarrafa kalma: abin da yake liƙa mata a gaba, abin da yake sauya mata a ƙarshe, da kalmar da yake haɗa ta da ita. Malaman harshe suna kiran wannan fanni ƙirar kalma, wasu su ce tasarifi. Sunan ya dace, domin yadda maƙeri ke fitar da fartanya da lauje da wuƙa daga ƙarfe guda, haka Bahaushe ke fitar da ma'anoni daga saiwa guda. Hatta sunayen da malamanmu suka raɗa wa kayan aikin daga jikin mutum suka ɗauko su: ɗafa-goshi, ɗafa-ciki, ɗafa-ƙeya.

A 1960 wani malamin Hausa a Jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, gwargwadon ƙarshen kalma da karin sauti. A kan wannan tsari mafi yawan waɗanda suka biyo baya suka yi gini, har zuwa babban littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya fitar a 2000. Amma manomin Madachi bai jira kowa ba, da azuzuwan nan yake rayuwa. A ɗauki saya. Da kaka, buƙata ta taso, ga biki ga bashin taki, sai ya sayar da dawarsa da araha. 'Yan kasuwa su zo su saye, wato su kwashe ba su bar ko tiya ba, a loda a mota sai Dawanau. Ranar kasuwa uwargida ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, in an shiga Rano a sayo mana manja da kanwa." Marka ta yi, rumbu ya yi ƙasa, ya koma neman hatsin da ya rabu da shi watannin baya, ya tarar ba ya sayuwa. Sayar, saye, sayo, sayu: shekarar talaka ce cur a cikin saiwa guda, kuma ƙarshen kalmar kaɗai ke gaya maka wa ya ci riba, wa aka bari da hamma.

Cikin waɗannan, wasalin -o ya fi ɗaukar hankalina. Aikinsa shi ne ya nuna cewa an yi abu can, amma fuskarsa na kallon nan, wurin mai magana. Fita da fito, shiga da shigo, koma da komo, aika da aiko. Ƙauyen da samarinsa ke watsewa ci-rani da zarar an gama girbi, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas ko Fatakwal, da wannan wasali yake kwana yake tashi. Tsohuwa ba ta cika tambayar me ɗanta yake yi a Legas ba. Tambayarta ita ce ya bugo? Ya aiko? Ya turo? Yaushe zai dawo? Wanda ya je ya samu, shi kaɗai ya sani. Wanda ya samo, gida ya shaida. Haka kuma sharri: yaro ya jawo magana, ya ɗauko rigima, ya ciyo bashi, duk -o ɗin nan na nufin abin ba a can zai tsaya ba, kan mutanen gida zai sauka. Bahaushe ba ya iya ba da labarin motsin ɗan'uwansa ba tare da ya nuna ko motsin ya nufo gida ko ya ba shi baya ba.

Aure ma haka. Biki ɗaya ne, amma a gidan ango an auro, a gidan amarya an aurar. Parsons ya ɗauki ajin su aurar da sayar da koyar a matsayin na sa wani ya yi abu. Newman ya ce a'a, asalin ma'anarsa ita ce tura abu ya yi nesa da mai aikin, kamar zubar da bayar da fitar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a soron gidan amarya daren kai ta, ya ji guɗa a waje da sheshsheƙa a ɗaki, ya san Newman ne ya fi kusa da gaskiya. Uban da ya aurar ya miƙa ne, hannunsa ya koma wayam.

Sai dai a nan dole a ja linzami. Tun zamanin Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf a Amurka ake muhawara a kan ko harshe ne ke tsara tunani, kuma mabiyansu da dama sun wuce gona da iri, har suka riƙa cewa abin da harshenka ba shi da kalmarsa ba za ka iya jin sa ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Uwa a Ingila tana jiran kiran ɗanta kamar yadda ta Madachi ke jira. Jamusanci ma yana da ƙananan kalmomi biyu da ke rarrabe motsin da ya nufo mai magana da wanda ya bar shi. Fulatanci, harshen maƙwabtanmu da ke zaune a rugage a ƙasar Rano, yana da ɗafin -oy- mai nuna an tafi can an yi abu. Akwai jarabar mutum ya ce ga shi nan, manomi mai zaman gida yana da ɗafin dawowa, makiyayi yana da na tafiya. Magana ce mai daɗin ji, amma hujjarta ba ta kai ba, kuma bai kamata a gina komai a kanta ba. Matsayin da na gamsu da shi shi ne wanda Roman Jakobson ya bayyana a 1959: kowane harshe na iya faɗin komai, bambancin yana wurin abin da kowanne ke tilasta wa mai shi ya faɗa. Hausa na tilasta maka ka nuna mace kake yi wa magana ko namiji, kai ko ke. Tana tilasta maka ka zaɓa tsakanin aika da aiko. Abin da ake tilasta wa mutum ya lura da shi tun yana koyon magana har tsufansa, dole ya zame masa jiki.

Inda alaƙar ƙira da al'ada ta fi fitowa fili, har ba ta buƙatar gardama, shi ne kalmomin dangantaka. Ɗan'uwa ɗan uwa ne, kuma daga gare shi aka sami 'yan'uwantaka, kalmar da ta faɗaɗa har ta rufe duk wanda ka amince da shi, ko ba ku haɗa jini ba. Ɗan'uba ɗan uba ne, amma 'yan'ubanci gaba ce da hassada. Uba ɗaya, gida ɗaya, gado ɗaya, sai dai ɗakuna daban, kuma harshe ya riga ya yanke hukunci cewa amana a ɗakin uwa take. Kishiya kuwa daga kishi aka ƙera ta, ba a ko sakaya ba. Mata sun san zafin wannan ƙira, shi ya sa mai son zaman lafiya take cewa abokiyar zamana. Ba mu kaɗai ba ne: Bambarawan Mali suna da badenya, zumuncin 'ya'yan uwa, da fadenya, gasar 'ya'yan uba, domin su ma gidajensu na mata da yawa ne. Wanda ya yi karatun zaure zai tuna cewa Larabci daga baƙaƙe uku ɗaya ya fitar da sunan mahaifa da kalmar rahama.

Rano kanta da irin wannan suna ake yi mata kirari. Tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake ce wa sarakunan baba saboda rini, sarkinta kuwa Autan Bawo ne, wato matsayinsa a jerin haihuwa shi ne taken sarautarsa. Haka sunayen gargajiya suke a ƙauyuka. Kunya ta hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta hana suruka kiran jikan da aka yi wa mai gida takwara, sai aka buɗe wata ma'aikatar suna ta daban. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Shekarau ya daɗe a ciki. Waɗanda suka fi taɓa zuciya su ne na uwar da ta sha binne 'ya'ya: Ajuji, wanda aka yi kamar an yar a juji don mutuwa ta raina shi, da Abarshi da Abarta, waɗanda jimla ce sukutum, roƙo ne aka mayar suna.

Akwai kuma kalmomin da ke ɗauke da tarihin da ba kullum muke son tunawa ba. Ɗa, ban da ma'anar wanda aka haifa, yana nufin wanda ba bawa ba ne. Daga nan aka sami 'yanci da 'yanta da ɗiyauci, kamar yadda bawa ya ba da bauta. Da aka zo 1960 ana neman sunan abin da Nijeriya da Nijar suka samu, kalmar da ke kusa ita ce ta bawan da aka sake, aka ce 'yancin kai. Mutunci kuma mutum ne aka ƙara wa -ci. A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa shi cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974. Abin lura shi ne aikatau da ke rakiyarsa: ana cin mutunci, ana zubar da shi, ana kare shi, ana ganin sa. Abu ne da ke hannun jama'a kamar yadda yake hannunka.

Mu dawo kan wasalin -u na rasu da ƙaru, domin a nan yawancin abin da ke taɓa zuciya yake taruwa. Ana dama fura ta damu, mutum ma ya damu. Ana kaɗa nono, mutum ya ji mugun labari ya kaɗu. Wanda hankalinsa ya gushe ya taɓu. Masoya sun shaƙu, mai tambaya ya gamsu. A duk waɗannan, mutum ba shi ne mai aikin ba, shi aka yi wa. Harɗaɗɗun kalmomi ma haka suke tafiya. Murna farin ciki ce, kishiyarta baƙin ciki. Rai ke ɓaci, hankali ke tashi ya kwanta, gaba ke faɗuwa, gwiwa ke sanyi, zuciya ke tafasa ko ta karaya. Da wuya Bahaushe ya tsaya a tsakiyar jimla ya ce ni ne mai wannan hali. Wani sashe na jikinsa yake turawa gaba ya yi bayani.

Wannan na da amfani babba wurin sulhu. A zauren dagaci, ranar da dabbobi suka yi ɓarna a gonar wake, mai gona ba zai nuna maƙwabcinsa da yatsa ba, ko da kowa ya san awakin wa ne. Zai ce, "Ranka ya daɗe, an shigar mini gona, kuma raina ya ɓaci." Mai awaki ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, ba a kyauta ba." Dagaci ya ce, "Za a je a duba." An yi ƙara, an amsa laifi, an yanke hukunci, ba a kira sunan kowa ba. Wannan "an" da "a" su ne ke barin ƙofa a buɗe, gobe mutanen nan biyu su tsaya sahu ɗaya a masallaci.

Amma ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, domin tana ci mini rai. Ajin aikatau mai ƙarewa da -e, wanda ke nuna an yi abu gaba ɗaya ba saura, kamar cinye da ƙone da kwashe, shi ne kuma ajin kalmomin haƙuri: daure, jure, danne, haɗiye, shanye, ƙyale. Su ake jera wa amarya daren da za a kai ta. Su ake maimaita mata in ta yi yaji an dawo da ita. "Ki daure, 'yar nan, kowa da haka ta zauna." Wadda ta iya sai a ce tana da zurfin ciki, ana faɗa kamar yabo. Shekaru su tafi, ta je asibitin sha-ka-tafi ta ce wa ma'aikacin lafiya gabanta ke yawan faɗuwa, jikinta ya mutu, barci ya ƙaurace mata. In bai san harshen da kyau ba, ko ya sani amma karatunsa na Turanci ya rufe masa kunne, sai ya ba ta maganin zazzaɓi ko na ƙarin jini ya sallame ta. Alhali ta gaya masa ciwonta dalla-dalla da kalmomin da take da su. Abin da yanzu ake kira ciwon damuwa ba sabo ba ne a ƙauyukanmu. Ya kamata makarantun koyar da aikin lafiya a Kano su zaunar da ɗalibansu su koya musu abin da faɗuwar gaba da mutuwar jiki da ƙuncin rai ke nufi a bakin mara lafiya. Kuma kowa ya san "da sauƙi" amsa ce ta ladabi. Ana faɗin ta ko da mutum yana gargara.

To ina aron kalma a cikin wannan duka? Hausa ba ta taɓa jin tsoron aro ba. Ta karɓi littafi daga Larabci ta yi masa jam'i littattafai. Ta karɓi mota da direba da likita ta ce motoci, direbobi, likitoci, har ta ƙera likitanci. Ta karɓi canji ta fitar da canza da canzo da canzu. Ɗalibi ya kwafo amsa, 'yan dako sun lodo kaya. Kalmar da ta shiga wannan maƙera ta fito da jinsi da jam'i da aji ta zama 'yar gida. Inda kuma ba ta ga dama ta ara ba, sai ta naɗe jimla guda ta mayar suna, da barkwancinta a ciki: hana-salla, faɗi-ka-mutu, dafa-duka, a-kori-kura. Joseph McIntyre ya yi littafi sukutum a kan irin waɗannan a 2006. Babur mai ƙafa uku da ya cika titunan Kano ya gaji sunansa ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, A Daidaita Sahu. Ba kwamiti ne ya raɗa masa ba, bakin jama'a ne.

Ɓarnar tana wurin Hausar ofis da ta labarai, inda aikatau ke mutuwa a tsaye. Ba a tattaunawa, sai dai a "gudanar da tattaunawa". Ba a bincikawa, sai a "gudanar da bincike". Gwamna ba ya murna, sai ya "bayyana farin cikinsa". Ba a rarraba taki, sai a "ƙaddamar da aikin rabon taki". A cikin rarraba, ninkin gaɓar farko kaɗai ya gaya maka cewa mutane da yawa ne, wuri-wuri ne, bi da bi ne, kamar yadda gaggaisa da tattambaya da dudduba suke yi. Dogon zancen da ya maye gurbinta bai faɗi ko ɗaya daga ciki ba, kuma ya bar wa mai mulki hanyar zamewa, domin ana iya ƙaddamarwa ba a rarraba ba. Na san dalilin. Mai fassara yana da labari goma a gabansa da Turanci, lokaci na ƙure masa, Turancin hukuma kuwa sunaye yake tarawa inda Hausa ke son aikatau. Uzuri ne, amma miliyoyin mutane ke saurare kullum, har yaran ƙauye sun fara ɗauka cewa wannan ita ce Hausar masu ilimi, ta kakarsu kuwa ta gidadawa ce.

Makaranta ce ya kamata ta gyara, sai dai yadda ake koyar da darasin bai taimaka ba. Ana ba yaro ma'anar ɗafa-ƙeya ya haddace don jarrabawa, ba a taɓa ce masa ya je gida ya saurari yadda iyarsa ke magana ya rubuto aikatau goma masu ƙarewa da -o ba. Mu kuwa jikokin mutanen da suka ɗauki tasarifi da girma ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara littafi guda a wannan fanni na Larabci, Hisnur Rasin, kuma har gobe ana karanta Lamiyyatul Af'al ta Ibn Malik a zaurukan Kano. Irin wannan kulawa ce harshenmu bai samu daga gare mu ba sai a makare. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 manyan ayyuka ne, amma ƙamus kalma yake kamawa, ba ya kama yadda tsohuwa ke lanƙwasa ta a wurin daka ko wurin rarrashin jika. Masu wannan Hausar suna nan da ransu a Madachi da Zurgu da Lausu, da Tarai da Durba a ƙasar Kibiya, kuma kowace shekara ana raguwa. Aikin ba ya cin kuɗi mai yawa. Waya mai ɗaukar murya yake buƙata, da ɗaliban sashen Hausa 'yan asalin Rano da Kibiya da Bunkure da za a tura gida lokacin hutu, da malamin da zai zauna ya saurari abin da suka ɗauko.